Ramin Kuza

Baba ya ce sauron Jos malalaci ne,
sanyi ya daɗe da karya masa baki.
Gidan sauron da na karɓo a asibiti
sai ya shimfiɗa shi kan irin tumatir,
wai kada kaji su yi masa ta'adi.

Shekara sittin da takwas.
Ciwon sukari tun ina aji uku.
Riga mai guntun hannu, wando a naɗe har gwiwa,
ga shi can bakin ramin kuza a bayan Bukuru,
inda ruwan ya yi kore, ya kwanta, ba ya zuwa ko'ina.
Ban-ruwansa sai la'asar sakaliya,
ba ya naɗe tiyo sai an kira magariba,
daidai lokacin da masu siririn baki ke fitowa kiwo.

Akwai tsuntsaye baƙi da ke sauka a ruwan nan.
Sun keto ƙasashe,
ba mai tare su ya tambayi abin da suka ɗauko a jini.
Sauro ya ɗanɗana nasu,
ya zo ya ɗanɗana na Baba,
bai kurkure baki ba.

Mun ɗauka zazzaɓin da muka saba ne.
Muka sayo ƙwayoyin da muka saba.
Ran na huɗu wuya ya sandare,
hasken taga ya zame masa abokin gaba,
ya dube ni ya ce, "Lantana,"
sunan ƙanwarsa da aka binne kafin a haife ni.

Likitar ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce ƙwayar cuta ce ta haura ƙwaƙwalwa.
Ta ce tana shiga jikin mutane da yawa ta fice
ko sallama ba su ji ba,
amma idan ta iske tsoho,
ko mai sukari,
ko wanda garkuwar jikinsa ta tsage,
sai ta ajiye kaya.
Sannan ta tambaya: a ina yake yini? Da me yake rufa da dare?

Na yi shiru ina tunanin Davou,
mai fegi kusa da namu, ɗan shekara talatin.
Rami ɗaya, magariba ɗaya, cizo ɗaya.
Shi ciwon kai ya yi na kwana biyu,
ya koma kai kabeji Farin Gada.

Da na dawo gida na kife tsofaffin tayoyi,
na zubar da ruwan gwangwanaye,
na buɗe kwatar da ta toshe tun farkon damina.
Na kwance gidan sauron daga kan irin,
na wanke, na ɗinke huji bakwai.

Kaji sun cinye tumatirin tas.

Ya dawo bayan mako biyar,
hannun dama yana rawa kamar ganyen rogo,
cokali ma sai an riƙa masa.
Ya tsaya a bakin fegin ya daɗe.
Ya juyo, ya kira ni da sunana, Asabe,
ya ce, "Wa ya bar wa kaji irin nan?"

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.