Rabon da Ban Saya Ba

Likita ya ɗaga hoton ƙirjina ga hasken taga,
ya ce, "Kara nawa kake sha a rana?"
Na ce, "Ni? Ko ashana ban taɓa ƙyasta wa taba ba."
Ya yi mini duban wanda ya saba jin ƙarya.

Shagonmu yana Fagge, bayan layin masu zare:
keke huɗu, mutum biyar, taga ɗaya,
ita ma an toshe rabinta da kwali.
Shekara sha ɗaya Tasi'u na damana.
Gwani ne. In ya duƙa kan wuyan riga
sai ka rantse allurarsa ido gare ta.
Amma zare ba ya shiga sai da kara a bakinsa.

Shi ke saye, shi ke kunnawa,
ba a tambaye mu ba aka sa mu a rabo.

Goman ƙarshe na azumi, ɗinkin Sallah ya taru,
da an sha ruwa sai ya rama na yini.
Janareto na tari a ƙofa,
mu muna amsa masa daga ciki.
Nazifi mai sa maɓalli, ɗan sha huɗu,
in ya ja numfashi, ƙirjinsa fito yake.

Wata Hajiya ta taɓa maido da shadda:
"Wannan warin fa?"
Aka wanke, aka goge, aka fesa turare.
To huhu, wane mai wanki zan kai wa?

Na yi magana sau ɗaya. Ya yi dariya,
wai kakansa ya sha har tamanin.
Na yi shiru.
Mutumin da ya ranta mini kuɗin haya
ran da mai gida ya fito da kayana,
da wane baki zan ce ya fita waje?
Kunya ta rufe mini baki, hanci kuwa a buɗe.

Jiya na koma da ledar magani.
Ban ce komai ba, na ajiye hoton kan kekensa.
Ya ɗaga shi sama kamar yadda likita ya yi,
ya daɗe yana kallo, ko da bai san karatunsa ba.

Sai ya zare karan da ke bayan kunnensa,
ya sa takalmi, ya tsallaka kwata,
ya tsaya can gindin darbejiya.

Nazifi ya miƙe, ya cire kwalin taga.