Abin da Jirgi Bai Kawo Ba

Ranar da aka yanke wa Baba Alapati yatsan ƙafa
a asibitin tsibirinmu na Savai'i,
na zauna a baranda ina kallon teku,
shi kuwa teku ko a jikinsa.
Likita ta ce suga ne.
Na ce, ai Baba ko shayi ba ya sha.
Ta dube ni, kallon da ya fi mari zafi,
ta ce, "Fuatino, je ki buɗe kabad ɗin kicin ɗinki."

Na je na buɗe.
Gwangwani kan gwangwani, sahu-sahu:
naman sa mai gishiri, kitse ya daskare a kansa fari fat,
kifin da aka kama a wani teku,
aka rufe a wata ƙasa,
aka sayar mana,
mu da igiyar ruwa ke kwana a ƙofar ɗakinmu.
Taliyar leda, kwali biyu.
Jan lemon kwalba mai rina harshen yara.
Duk jirgi ne ya kawo,
na biya da kuɗin da ƙanena Ioelu ke aikowa daga Auckland,
ina taƙama mun ci gaba.
Ashe ci gaban mai haƙar rijiya ne.

Bayan gida, gonar gwazar Inna ta zama daji.
Shekara bakwai da rasuwarta
ba wanda ya sunkuya a wurin.
Na shiga da adda, ƙaya ta yi min sallama.
Da na tona, sai ga su nan kwance,
manya kamar kan jariri,
ba su yi fushi ba, ba su tafi ba.
Na zauna a kan laka na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Kada in yi ƙarya, ba a yi min guɗa ba.
Taliya minti uku ce,
gwaza kuwa sai ta ci miki hantsi.
Hannuna ya yi ƙaiƙayi, hayaƙi ya cinye min ido.
Lupe ta ture kwano, ta ce wannan abincin tsofaffi ne.
Shi kansa mai ciwon,
na kama shi da gwangwani a ƙarƙashin matashi,
yana buɗewa da wuƙar aski cikin dare.
Ya ce, "Harshe ba shi da ƙafa, 'yata,
bai san abin da aka yanke ba."
Na yi dariya, na karɓe,
ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.

Sai wata Lahadi, tun kafin ƙararrawar coci,
na ji ƙwas-ƙwas a tsakar gida.
Baba ne kan kujera, ƙafa a naɗe,
yana koya wa Sefulu kankare kwakwa.
Duwatsu sun yi ja a cikin wuta.
Muka jera gwaza da ɗanyar ayaba,
muka ƙunshe madarar kwakwa a ganye,
da kifi uku da maƙwabci ya fito da su da asuba,
muka lulluɓe, muka tafi addu'a.
Ƙamshi ya biyo mu har benci na huɗu.

Da aka buɗe, Sefulu ya juya kifinsa,
ya duba ciki, ya duba baya,
ya ce, "Kaka, ina aka rubuta ranar lalacewarsa?"
Baba ya ce, "Yau ce. Ci maza."

Yatsa dai bai dawo ba.
Lupe har yanzu tana ɓoye alewa a jakar makaranta,
ni ma ran da na gaji, idona kan je kan kabad.
Amma tara ɗin da suka rage
ina ƙirga su kowane dare
in na zo wanke masa ƙafa,
kuma jiya ma tara na samu.