Shaidar Karfasa

An ɗauke wuta tun la'asar a Kumasi.
Firjin ɗakin gwaji ya yi tsit,
ruwa na ɗiga ƙarƙashinsa.

Karfasa talatin na kawo daga tafkin Bosomtwe,
kowacce na yanki tsokar bayanta, bai fi farce ba.
Duk abin da ta ci a rubuce yake ciki:
gansakuka, tsutsar laka, ko ƙwan maƙwabciyarta.

Sai dai mai ajiya ma yana da baki.
Barasa takan lashe kitse, kabon ya ƙara nauyi.
Fomalin yakan cusa nasa kabon,
ya sa hannu a takardar da ba tasa ba.
Bayan wata shida na'ura ta karanto mini
abincin da kifin bai taɓa sansana ba.

Na kira gwaggo Adiza a Aboabo.
Ta kwashe da dariya: "Ke da digirinki? Gishiri mana!"

Na raba kowane yanki huɗu,
ɗaya na busarwa, uku na kwalabe,
ina rubuta lamba da hasken waya,
don ranar da suka saɓa
in san wanda ya yi ƙarya, da kuma nawa.