Lambar Haya

A ƙarƙashin gadar Ikeja nake kasa kayana,
tsakanin mai gyaran gilashin waya da mai gasa masara.
Tebur ɗaya, laima ɗaya, caja mai baki bakwai.
Hajata ba ta ruɓewa, ba ta da nauyin ɗauka:
lambobin waya nake bayarwa haya.

Lamba ce ba sim, ba aljihu, ba mai ita.
Ba ta taɓa kuka ana tsakiyar sallah ba,
ba wanda ya taɓa yi mata filashin don ya ji lafiya.
Minti ashirin ne kwananta a duniya:
ta karɓi alƙaluma shida, ta miƙa maka,
ta koma inda ta fito.
Kamar katifar ɗakin kwana a tashar Iddo,
ka tashi, wani ya kwanta a kan ɗuminka.

Mai atamfa na zuwa, don kada 'yan naci su san layinta.
Ɗalibi na zuwa, yana farautar datar kyauta.
Akwai masu sauke hula har gira,
su kam ba na tambayarsu,
tambaya ba ta biyan kuɗin laima.
Ɗari biyar. "Karanto min."
Huɗu, tara, sifiri, sifiri, biyu, takwas.
Ƙofa ta buɗe, kowa ya kama gabansa.

Ran Laraba, ruwan Ikko ya sauko ba sallama,
wani dattijo ya raɓo laimata, Baba Ɗantani daga Agege,
waya a ƙulle cikin leda kamar ragowar goro.
Ta ɗansa ce, Sabitu, ɗan dako a Apapa,
yau kwana arba'in da ɗaya.

Ya ce, "An gyara ta, amma ta ƙi sanina.
Hotunansa na ciki, da muryarsa,
uwarsa na son ta ƙara ji ko sau ɗaya.
Wai sun tura mabuɗin ga lamba mai ƙarewa da uku da bakwai.
Ɗana, ta wane ne? Nuna min gidansa,
in je in durƙusa masa."

Na duba. Tukunya ta san murfinta.
Na buɗe littafin bashi, ga shi da hannuna:
Sabitu, dogo mai wushirya, saura ɗari biyu.

Da wane baki zan ce masa lambar ba ta kowa ba ce?
Na danna "sake turawa." Na sake. Na sake.
Can wani wuri alƙaluma shida na yawo cikin ruwa,
suna ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka rushe.

Ya zaro kuɗi daga cikin hula, na rufe masa hannu.
Ya ce, "To rubuta min ita duk da haka.
Bayan isha'i zan gwada.
Ba a rasa mai tausayi a ɗaya gefen."
Na rubuta a bayan takardar masara.
Ya linke ta huɗu, ya sa a aljihun ƙirji,
ya tsallaka kwata, ya ɓace tsakanin motoci rawaya.

Da dare a Idi-Araba, ba wuta, janareton maƙwabci na tari,
na soke ɗari biyun da biro har takardar ta huje.
Sannan na danna lambar da na haddace shekara goma sha ɗaya,
wadda ba ta taɓa sauya ko alƙalami ɗaya ba.
Bugu biyu aka ɗauka.
"Wa ke magana?"
Na ce, "Ni ne."
Ba ta nemi shaida ba.
Ta ce, "Lurwanu, muryarka da mura. Ruwa ya dake ka?"