Wayar da Ta Sauko

Shekara tara waya na wuce mu ta sama,
tana kai haske gidajen siminti.
Mu a Sura Bildi sai inuwarta,
sai kurciyoyin da ke hutawa a kai.

Wata Laraba motar kamfani ta tsaya.
Wani dogo mai hular kwano ya ce:
"Yanzu da ku za a tafi."
Na ce, yaro, ina jin wannan tun haƙorana na cike.

Amma sun haƙa rami, sun kafa turke.

Yau injin Tsahara na niƙa gyaɗa,
ba hayaƙin gazuwal, ba bashin mai.
Ɗanjimma ya bar zancen Agadas,
yana walda, tartsatsi har bakin titi.
Ni ƙanƙara nake ɗaurawa,
dala biyar-biyar, har daga tasha ake aikowa.

Takardar wuta ta zo, jika huɗu.
Na yi tsaki, na biya.

Sai dai ku ji, ma'aikata:
bayan masallaci, layin su Gwamma,
har yau da tocila ake tuƙa tuwo.
Ruwan da bai kai ƙarshen gona ba,
ba a ce masa damina.