Shirun Baiti na Uku

A Wad Madani, in ka hau raksha da la'asar,
direba ya murɗa rediyo ya faɗa kan "Jirgin Laraba",
kasa kunne bayan baiti na uku.
Murya za ta ɗauke, tsawon numfashi huɗu,
akodiyon kaɗai ya rage yana jan ƙafa.
Wannan akodiyon na babana ne.

Wani malamin jami'a ya ce min gwaninta ce,
wai shirun ya fi waƙar magana.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Su huɗu ne, duk 'yan Maiwurno,
jikokin waɗanda suka nufi Makka a ƙafa
kogi ya ce su zauna tukuna.
Sha'aibu mai murya, tela ne da rana.
Gambo, babana, awon auduga yake a Jazira.
Awad mai goge da kwat ɗin aro,
hannun rigar ya haɗiye yatsunsa.
Sai Ɗantani mai ganga, wanda bai taɓa zuwa kan lokaci ba
in ba a cikin kiɗa ba.

Akuya biyu suka sayar, suka hau motar Omdurman.
Faifai da tsada a lokacin,
sau ɗaya ake ɗauka, ba a cewa a sake.

Don Batula aka yi waƙar, mai allura a asibitin gari.
Sha'aibu ke sonta, amma baki gare shi, ba alƙalami,
sai ya ce, "Gambo, rubuta min."
Baba ya rubuta biyu a gida,
na ukun a kan gwiwa, cikin mota,
ya miƙa masa a bakin ƙofa.

Sha'aibu ya rera:
tana hura shayi sau biyu kafin ta kurɓa,
akwai tabon ƙuna ƙarƙashin agogonta.
Nan ya tsaya.
Shekara biyu yana zarya ƙofar gidansu,
bai san da tabon ba.
Ya ɗago ya dubi Gambo.
Gambo ya dubi ƙasa, yatsunsa na ta aiki,
don in ya saki, akuya biyu sun tafi a banza.

Numfashi huɗu.
Sannan tela ya haɗiye abin da ya haɗiye,
ya kai waƙar gida.

A motar dawowa ba wanda ya ce uffan,
Ɗantani ne kawai ya yi ta cin gyaɗa.

Shi ya ɗinka wa ango jallabiya,
bai karɓi ko sisi ba,
sai dai wuyan ya matse kaɗan.
Baba ya sa ta haka nan, har aka shafa fatiha.
A bayan kaset sunan Sha'aibu ne kaɗai,
Baba bai taɓa cewa a gyara ba.

Jiya ma na ji ta a hanyar kasuwa.
Da shirun ya zo,
direba ya zaci rediyon ce ta lalace,
ya kai mata duka.
Na ce, "Bar ta, yaro.
Yanzu zai dawo."