Ƙunshi Biyu

Wata shida ke nan ina ɗauke da kai,
mako uku ina ɗauke da abin da ban gaya wa kowa ba.
Kifi nake sayarwa a kasuwar Belén,
shi ya sa da ƙarnin ya fara, na ɗora wa kifi laifi.
Amma kifi ba ya sa ƙaiƙayi,
ba ya sa mace ta ciji leɓe a bayi
kamar da barkono aka dama fitsarinta.

Kogin Itaya ya cika har ƙafafun gidajenmu,
a kwalekwale na je asibitin unguwa.
Erlinda ungozoma ba ta yamutsa fuska ba.
Ta ɗiga ruwan a gilashi, ta leƙa madubi,
ta ce, "Nélida, zo ki ga baƙonki."
Na gan shi, ɗan mitsitsi mai wutsiya,
yana iyo hankali kwance
kamar shi ya biya kuɗin hayar ɗakin.

Ta kira sunansa, tirikomonas,
ta ce a shimfiɗa ake ɗaukarsa,
in an ƙyale shi yakan buɗe wa jariri ƙofa tun lokaci bai yi ba.
Nan na dafa ciki. Nan ka harbe ni.

Ƙunshi biyu ta ba ni.
"Wannan naki, wannan na Wilder.
Maza sukan yi yawo da shi ba su sani ba.
Ku raba shimfiɗa sai magani ya gama aikinsa.
Kada ki tambaye ni wa ya kawo,
yakan daɗe a kwance, madubina ba ya nuna kwanan wata."

Da dare na dafa ayaba da kifi,
na ajiye nasa ƙunshin kusa da kwano.
Ya ce, "Ni lafiyata ƙalau."
Na ce, na sani.
Ya ce, "To, me kike zargi?"
Tambayoyi goma na tsaye a maƙogwarona,
na haɗiye su tare da ƙwayata mai ɗaci,
har yanzu bakina kamar na tsotsi ƙarfe.

Na kama hannunsa mai warin fetur na ɗora a cikina.
Ka yi shiru, ɗan nema, ka daɗe.
Sannan ka motsa.

Bai dube ni ba. Ya ce in miƙo masa ruwa.